Zaki da Lemo a Baki

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da ladabi daga 'yarka. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna da shago. Yaya gwiwar? Umma ta ce in tambaye ka ko kana shafa maganin da ta aiko, ko ka ajiye shi a kan kanta yana kallon ka. Mu nan lafiya lau, mura ce ta ɗan taɓa Umma ta sake ta. Direban da ke kawo maka sabulu na ba wannan, tunda wayarka ta zama kayan ado a durowa, in ma an yi sa'a ka ɗauka kunnen ba ya ba da haɗin kai.

Kawu, ka ce in riƙa gaya maka gaskiyar yadda aikin yake, tunda kai ka yi min hanyarsa a kamfanin nan. To ga gaskiya: na gaji. Wallahi na gaji.

Ɗakin da ake kira ɗakin zane tsohon sito ne, babu taga, bangonsa ɗaya ya jingina da inda ake dafa sabulu. In ka dafa bangon da rana sai ka janye hannu. Fanka ɗaya ce, ita ma ta san babba, ba ta juyowa wajena. Kwamfutar kuwa, in na danna ajiye aiki, ina iya fita in sha ruwa in gaisa da mai gadi in dawo tana nan tana tunani.

Duk wannan da sauƙi. Manaja shi ne ciwon. Mutumin nan bai taɓa rubuta abin da yake so ba. Sai dai in ji ƙamshin turarensa a bayana, ya miƙo makullin mota yana ƙwanƙwasa min allon kwamfuta, ya ce, "Ƙara masa rai." In ce, "Ranka ya daɗe, wane irin rai?" Ya ce, "Ke ce mai zane ko ni?" Yau ya ce in ƙara girman sunan kamfani, jibi ya shigo yana faɗa wai wa ya ba ni izinin ƙarawa. In ya tafi gida da samfur, sai ya dawo da ra'ayin matarsa, da na ƙaninta, da na wani da suka haɗu a gidan mai. Rannan a gaban kowa ya wanke ni tas, wai na sa launi mai duhu kamar ana makoki. Baƙin tabarau ne a idonsa, Kawu. Babu wanda ya iya gaya masa.

Sai babban mai zane da nake ƙarƙashinsa. Ma'aikata suna kiran sa Sa-Hannu, don aikinsa ke nan. In na gama zane sai ya zo ya tsaya, ya matsar da layi ɗaya kamar faɗin gashi, ya ce, "Yanzu ya zauna." Kamfanin nan suna buga sunan mai zane da ƙananan haruffa a gefen takardar sabulu, to nasa ake bugawa. Sabulun wanka mai furen nan da kake sayarwa, ni na zana takardarsa tun daga layin farko. Ka juya ta ka duba gefen, ka ga ko sunana ne.

Abin da ya sa na rubuto: na ji Malamar nan mai gidan zane da ke layinku, daura da kemis, tana neman ƙaramin ma'aikaci. Na ga ayyukanta, Kawu, irin aikin da na yi karatu dominsa ne. Don Allah ka taka ka tambayo min abin da take buƙata. In na samu, ga aiki na mutunci, ga ni kusa da ku.

Akwai sabon sabulu mai ƙamshin lemo da za a fitar, an ce ni zan yi takardarsa. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'Yar Fensir,

Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye na sake karanta ta a zaune. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, ki gaya wa uwarki ina shafa maganin, ranar da na tuna. Innarki tana gaishe ki, ta ce ko kina cin abinci, don rubutunki ya rame.

To, na ji kukanki. Amma ke ma akwai ki da gajen haƙuri tun kina zana min kaji a bangon shago da gawayi. Mutum kamar Manaja, mai motoci da ma'aikata, ya baro ofishinsa ya zo ya tsaya a bayanki yana kallon aikinki, ai wannan daraja ce. Ni da nake sayar da kayansa tun kafin a yaye ki, ban taɓa ganin ya leƙo shagona ba. Maganar tabarau kuwa, na yi dariya har na ƙware, amma kada ki maimaita ta a waje.

Sai dai batun suna ya ɓata min rai. Na ɗauko sabulu mai furen, na sa gilashi, na fita bakin ƙofa inda akwai haske. Lallai ba sunanki ba ne. Na ce wa Innarki, kin ji rashin ta ido! Yarinya ta sha zafin bango, wani ƙato ya sha fanka, ya kuma sha suna. Tun ranar na mayar da sabulun can ƙasan kanta, duk mai so ya sunkuya.

Na je wurin Malamar. Mace ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana, gidan nata fari fat kamar asibiti, ni dai ban ga inda zanen yake ba. Na gaya mata ina da 'ya da babu kamarta a zane. Ta ce kowane kawu haka yake cewa. Na ce to ni nawa gaskiya ne. Sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, kowa yana iya zuwa min da hotuna a waya ya ce shi ya yi. Ni abin da aka buga, ya shiga kasuwa, da sunan mai shi a jiki, shi nake so in gani. Guda ɗaya ya ishe ni." Ta ce wurin yana nan har ta sami wanda ya kwanta mata, amma ba za ta jira kowa ba.

Saboda haka sabulun lemon nan shi ne damarki. Ki yi yadda za ki yi sunanki ya hau.

Tunda abin ya zo, bari in ba ki shawara, ba don na fi ki sani ba. Na daɗe ina kallon takardun sabulu, duk ba su da kuzari. Fure, fure, ɗigon ruwa, fure. Ni da za a tambaye ni, ja za a sa, ja sosai. Sannan a sa zaki. Sabulu ai ƙarfi ake nema a wurinsa, me ya fi zaki ƙarfi? Tunda na lemo ne, sai ki sa masa lemon a baki, kin ga an haɗa ƙarfi da ƙamshi. Na daɗe da wannan tunanin a raina, ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke. Af, na gaya wa Innarki jiya, ta ce in je in kwanta.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Muna lafiya a jiki. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ne a ɓace.

Na kashe kaina da kaina, Kawu. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Na zana takardar sabulun lemo, kuma ban taɓa yin aikin da na so kamarsa ba. Fara ce sol, da yankin lemo guda a tsakiya, ganye kore ɗaya, sunan sabulun a ƙasa a natse. In ka gan ta sai ka ji kamar ka yi wanka. Manaja ya leƙo tun ban gama ba, ya ce, "Wannan takardar sabulu ce ko takardar sallama daga asibiti?" Aka yi dariya, har da Sa-Hannu, wanda na san a ransa ya riga ya zaɓi inda sunansa zai zauna.

To mu masu zane muna da wata dabara. In za ka kai wa mai wuyar sha'ani aiki, ba ka kai guda ɗaya, don zai yi ta tsinkar sa har ya mutu. Sai ka kai uku: wanda kake so, da wani mai dama-dama, da wani mummuna da gangan. Mummunan muna ce masa ɗan rakiya. Aikinsa kawai ya tsaya a gefe ya yi muni, mai gida ya harare shi, ya ji daɗin cewa ya ƙi wani abu, sannan ya ɗauki mai kyan yana ganin shi ya zaɓa.

Na zauna yin ɗan rakiya da haushin wata da watanni. Duk abin da Manaja ya taɓa ƙwanƙwasa min da makulli na zuba: zagayen ruwan gwal, tauraro mai tartsatsi, hoton ginin kamfani, lambobin waya har na mai gadi, rubutu iri biyar kowanne yana ihu. Na duba na ga har yanzu bai kai ƙarshen muni ba, akwai sauran wuri. Sai na tuna zakinka. Na shafe bayan da ja irin mai sa ciwon kai, na dasa zaki a tsakiya cikin kumfa da lemo a baki. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye, na ce duk duniya babu mai hankalin da zai ɗauki wannan.

Aka shiga taro, na jera su a tebur. Manaja bai ko kalli farar ba. Ya ɗauki mai zakin da hannu biyu, ya ɗaga sama, yana ƙare mata kallo. Na ce a raina, yauwa, yanzu zai yi jifa da ita. Sai ya ce, "Yau kika fara aiki a kamfanin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai don kwatance ne kawai." Ya ce kwatancen ya yi. Na ce a ba ni dama in rage wasu abubuwa. Ya ce in na taɓa ko gashin zakin, in nemi wani aikin.

Ga inda abin ya ƙare ni. Da aka zo maganar suna, Sa-Hannu ya gyara murya ya ce ai lokaci ya yi da za a riƙa ƙarfafa wa yara gwiwa, a sa sunan yarinyar. Mutumin da ko katin gayyata na zana sai ya liƙa sunansa! Ya kalle ni ya yi wani murmushi, na ji kamar in kifa masa kwamfutar a ka. Manaja ya ce ba ma ƙananan haruffa ba, a ƙara musu girma.

An riga an kai wurin bugawa. Abu ɗaya tak a duniya da zai fita da sunana, shi ne abin da na yi don ya yi muni.

Na kira wayarka, a kashe, na san tana durowa ƙarƙashin tsofaffin batura. Don girman Allah, Kawu, in sabulun ya iso kada ka nuna wa Malama. Kada ma ka ce mata ya fito. Zan san dabarar da zan yi wani aikin ya fita da sunana. In ta ga wannan, ni da gidanta sai dai in wuce ta ƙofa.

'Yarka, da ta rasa inda za ta sa kanta.

*

Zuwa ga 'Yar Fensir, mai zanen kamfani,

Alhamdu lillahi! Muna lafiya, gwiwa ma yau ban san da ita ba. Ina fata ke da uwarki kuna lafiya. Shiru-shiru ban ji daga gare ki ba, har na fara cewa ko girma ya zo an manta da mu. Wani sabon direba ne ya kawo kaya wannan karon, dogo mara fara'a. Na tambaye shi takarda, ya ce shi sabulu aka ba shi. Da na buɗe kwalin sai na gane, ashe so kike abin ya zo min ba zato. Kai, yarinyar nan!

Zakina! Da lemonsa a baki, yadda na faɗa, har ya fi yadda na faɗa, don ni ban yi tunanin kumfa ba. Na tsaya riƙe da sabulun nan ina ta kallo. Na juya gefe, ko gilashi ban nema ba, ga sunanki ɓaro-ɓaro da sunan mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. Ba zan ɓoye miki ba, na shiga bayan kanta na share ido. Shekara nawa ina sayar da kayan mutane, ban taɓa zaton wani zai ɗauki maganata ya sa a takarda ba. Na kai wa Innarki na ce, to, wa ya kamata ya je ya kwanta yanzu? Ta kalla ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Hassada ce.

Na warware takarda ɗaya a hankali, na goge ta da dutsen guga, na sa a gilashin da hoton buɗe shago yake ciki, na rataye saitin ƙofa. Duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Tela ya gani, mai kemis ya gani, mai gyaran rediyo ya ce tun daga tsallaken titi yake hango ta. Wata mata ta tambaya ko maganin ɓera ne, na ce ta shinshina. Mutane sai a hankali.

Yanzu ga babban labari. Ban tsaya wata-wata ba, na sa babbar riga, na ɗauki kwali guda cur na kai wa Malama. Na dire a kan farin teburin nan nata na ce, "Kin ce guda ɗaya, ga kwali." Ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana kallo. Ta cire gilashi, ta goge, ta mayar. Ta ce, "Ita ta yi wannan? Duka?" Na ce duka, amma zakin da jan shawarata ce, don kada in ci haƙƙin kaina. Ta ce, "Ikon Allah." Sau biyu ta faɗa. Kin ga abin ya shige ta. Ta ce in bar mata za ta yi tunani.

Ki fara haɗa kayanki. Innarki ta share ɗakin baya.

Kawunki, mai zaki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna, ina fata gwiwa ta ci gaba da sauƙi. Mu muna nan.

Inna lillahi. Kwali guda, Kawu? Ba ma ɗaya ba, kwali? Na karanta takardarka a ɗakin zane, sai da na dafa bangon nan mai zafi ban ji zafinsa ba.

Na rubuto maka tun kafin sabulun ya fita, ashe ba ta iso ba. Na nemo tsohon Direba, ya ce Manaja ne ya tashi rannan ya juya wa direbobi hanyoyi, ba dalili, wai don kada su saba. Takardar tana cikin motarsa, motar tana gareji. Yanzu an mayar da shi hanyarku, ya ce zai haɗa da wannan ya kawo. Na roƙe shi ya dawo min da waccan, ya ce shi amanar da aka ba shi ta Baba mai shago ce, Baba zai kai wa. Ka ji inda amana ta tashi.

Don Allah, Kawu, waccan ta farkon kada ka buɗe ta. Ka yaga, ko ka sa a murhu. Cikin fushi na rubuta, babu komai a ciki sai surutun banza. Abin da ke ciki mai amfani shi ne kada a kai wa Malama sabulun, wannan kuwa ya riga ya wuce. Takardar sabulun nan ba ita ce mafi kyawun aikina ba, iyakar abin da zan ce ke nan. In da hali ka karɓo kwalin, ka ce mata kuskure aka yi.

Nan kuwa abin ya zama hauka. Manaja ya sa an buga zakin a jikin motocin kamfani, an yi ƙaton allo a bakin ƙofa, kullum da safe shi ke fara gaishe ni. Ya ce duk sauran sabulan a sake musu takarda, kowanne da dabbarsa. Na wanka giwa, na wanki kada. Kada, Kawu, a sabulun wanki! Ya daina ce min ƙara masa rai, yanzu cewa yake, "Yi masa irin na zaki." A taro yana nuna ni yana cewa shi ya gano ni, shi ya koya min. Jiya kuma ya zage ni a kan giwar ba ta dariya.

Sa-Hannu ya daina yi min magana. Da ya ga Manaja na yabo, sai ya fara zagayawa yana cewa ai shi ya ba ni tunanin zakin. Na ce masa ya ɗauka, na bar masa duniya da lahira, a goge sunana a sa nasa. Ya ƙi. Yabon yake so, sunan a jiki ne ba ya so.

Farar takardar tana nan a jakata, na buga ta da kuɗin motar zuwa aikina don in riƙa kallo. Ban san me zan yi da ita ba.

Ka yaga waccan, Kawu. Na roƙe ka.

'Yarka.

*

'Yar Fensir,

Muna lafiya. Gwiwa ta dawo. Innarki tana gaishe ki.

Takardunki biyu sun iso tare. Direba ya miƙo min ya ce wannan ce ta farko, wannan ta biyu, ni kuma mutum ne mai bin tsari. Sai da na gama ta farko na ga inda kika ce kada in buɗe ta. Ko da na fara da ta biyun ma, ke kin san zan buɗe.

To, na karanta. Ɗan rakiya. Kin duba kin ga muni bai ƙarasa ba, sai kika tuna da kawunki. Madalla.

Ba zan ce miki ban ji zafi ba, na ji. Na rufe shago kafin lokaci, abin da ban yi ba ko ranar da aka cire min haƙori. Ba munin ne ya dame ni ba, ke kika yi karatun, in kin ce mummuna ne to mummuna ne. Abin da ya dame ni, na tara tela da mai kemis da mai rediyo ina cewa 'yata ta ji maganata. Da kin rubuto kin ce, Kawu, zakinka bai yi ba, da na yi fushin yini ɗaya na huce. Innarki ta faɗa min a fuskata, ga mu nan muna cin abinci kwano ɗaya.

Kuma ke da wayonki! Kin zauna da mutum wata da watanni, kin san ya zage ki da baƙin tabarau a ido, sannan ki tara duk abin da yake so a takarda ɗaya ki ajiye a gabansa, ki ce ba zai ɗauka ba? Me kike so ya ɗauka? Ni ban yi makarantar zane ba, amma ban taɓa sa kayan da ba na son sayarwa a kan kanta ba.

Ban karɓo kwalin ba, kuma ban ce mata kuskure ne ba, don ba na ƙarya da furfurata. Takardarki na ɗauka na kai mata, na ce ta karanta da kanta. Na zauna ina kallon ta tana karanta yadda aka yi da zakina. Da ta zo wurin taron sai ta kife kai a tebur, kafaɗunta suna rawa. Na ce, Malama, in dariya ce ki yi ta a fili, ni na riga na sha nawa. Ta ce ba ni take wa dariya ba, ita ma an taɓa ɗaukar mata ɗan rakiya, har yau in ta bi ta wani titi sai ta kau da kai.

Amma ta ce ba za ta ɗauke ki a kan wannan ba. Ta ce ta ga kin iya hannu, don ba kowa ke iya shirya muni ya zauna daram haka ba, sai dai ita ba ta aiki da mai raina wanda ya kawo aiki. Ta ce masu zuwa wurinta duk irin kawunki ne, kowa da zakinsa a rai, kuma aikin shi ne a saurare su, a fitar musu da abin da su za su so, mai zane ma ba zai ji kunyar sa sunansa ba.

Na ce to shi ke nan, na miƙe. Sai ta ce in zauna. Ta tambaye ni allon shagona shekararsa nawa, na ce ya girme ki. Ta ce to ga gwaji: ki zo ki zana min sabon allo. Ni ne mai aikin. In na ce ya yi, ke ma kika yarda a rubuta sunanki a ƙasansa inda duk layin nan za su gani, wurin naki ne. In ɗaya ya rasa, ki koma wa kadanki. Ta ce ki taho da farar takardar ma, tana so ta gani.

Saboda haka ki nemi hutu wurin mai makullin mota ki taho. Ɗakin baya yana nan a share.

Takardar da ke bango, na sauke ta ranar da na karanta wasiƙarki. Washegari na mayar. Duk shagon nan, daga sama har ƙasa, kayan mutane ne da sunayen mutane, ita kaɗai ce mai sunan jinina. Tana nan saitin ƙofa.

Game da allon, ina son ja. Zakin kuma ban fasa ba, sai dai in kin zauna kin fahimtar da ni da baki, ido da ido, kamar mutum. Kuma guda ɗaya za ki kawo min. Kada ki kawo min ɗan rakiya, don kin san halina, shi zan ɗauka.

Kawunki.